Anna Frank, Yarinyar Da Ta So A Tuna Da Ita

A wannan wata za mu ba ku labarin wata yarinya wadda ba ta cika shekara 16 a duniya ba. Ba ta yi sarauta ba, ba ta yi aure ba, ko makaranta ma ba ta gama ba. Ba ta da kabari nata na kanta, gama rami guda aka zuba ta tare da mutane masu yawa. Duk da haka yau an san sunanta a ƙasashen da ƙafarta ba ta taɓa takawa ba. Mun zaɓi labarinta musamman domin samarinmu da 'yan matanmu, gama abu biyu da su kan dame su, su ne suka dame ta. Na fari, ta so ta san abin da ta iya. Na biyu, ta so ta san abin da za a tuna da ita da shi bayan ranta. Bari mu ga yadda ta yi da waɗannan abu biyu.

Haihuwarta da ƙuruciyarta

An haifi Anna ran 12 ga Yuni 1929 a birnin Frankfurt cikin ƙasar Jamus. Iyayenta Yahudawa ne, watau daga zuriyar nan da mu ke jin labarinta tun daga Ibrahim da Musa da Dawuda. Sunan ubanta Otto, sunan uwarta Edith. Tana da yaya guda, Margot, wadda ta girme ta da shekara 3. Kakanninsu sun daɗe a Jamus, Jamusanci ne harshensu, har Otto ya yi wa Jamus aikin soja a Yaƙin Duniya na Fari, ya zama hafsa.

A 1933 Hitila ya hau mulki. Shi da jam'iyyarsa ta Nazi suka ɗora wa Yahudawa laifin dukan wahalar ƙasar, aka soma korarsu daga aiki, ana hana mutane sayayya a kantunansu. Otto ya ga hadarin da ya ke haɗuwa, sai ya ƙaura zuwa Amstadam cikin ƙasar Holan. Can ya kafa ciniki na wani gari da mata su ke zubawa sa'ad da su ke dafa 'ya'yan itace da sukari domin su yi kauri, daga baya kuma ya ƙara da kayan yaji na nama. Iyalinsa suka bi shi, Anna ta iso a Fabrairu 1934 tana da shekara 4.

Halin 'yan matan nan biyu ya bambanta ƙwarai. Margot shiru-shiru ce, mai ladabi, kullum sakamakonta a makaranta mai kyau ne. Anna kuwa bakinta ba ya hutawa. Mai ban dariya ce, mai yawan ƙawaye, mai saurin mayar da magana. Malaminsu na lissafi ya gaji da surutunta, sai ya yi mata horo, ya ce ta rubuto bayani a kan mai yawan surutu. Ta rubuto, ta kawo hujja cewa gadon abin ta yi daga wajen uwarta, gado kuwa da wuyar rabuwa. Malam ya yi dariya, amma da ta ci gaba da surutu ya sāke ba ta horo na biyu, da na uku. A na uku sai ta shirya masa labarin wasu 'yan agwagi da ubansu ya hallaka su saboda yawan kukansu. Malam ya gane da shi a ke, ya karanta wa aji labarin da bakinsa, daga ran nan bai ƙara yi mata horo ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a kan gane ta. Abin da a ke gani aibi ne a bakinta, shi ne ya zama baiwa da ya sauka a takarda.

Yaƙi ya iske su

Ran 10 ga Mayu 1940 sojan Jamus suka fāɗa wa Holan, cikin kwana 5 sojan ƙasar suka ba da kai. Wannan shi ne yaƙin da tsofaffinmu su ke kira yaƙin Hitila, wanda aka ɗebi samarin Nijeriya aka kai su Habasha da Burma. Otto ya nemi izinin kai iyalinsa Amurka, bai samu ba. Dokoki suka yi ta fitowa bi da bi. Aka fitar da 'ya'yan Yahudawa daga makarantun kowa da kowa aka ware musu nasu. Aka hana Yahudawa shiga motar haya, aka karɓe kekunansu, aka hana su fita bayan ƙarfe 8 na dare. Daga Mayu 1942 kowane Bayahude sai ya ɗinka tauraro rawaya a ƙirjin rigarsa domin a gane shi daga nesa.

Cikin wannan hali Anna ta cika shekara 13, ran 12 ga Yuni 1942. Cikin kyautan da aka ba ta akwai wani ɗan littafi marar rubutu, mai bango ja da fari, da ɗan makulli. Ko da ya ke tana da ƙawaye da yawa, ta ga ba ta da aminiyar da za ta buɗe wa cikinta duka. Saboda haka ta mai da littafin aminiyarta. Ta riƙa rubuta labarin kwanakinta kamar wasiƙu zuwa ga wata ƙawa da ta ƙaga a ranta, ta sa mata suna Kitty.

Ba a yi wata guda ba, ran 5 ga Yuli, takarda ta zo ana kiran Margot, mai shekara 16, ta tafi aikin tilas a Jamus. Iyayen sun san mai tafiya irin wannan ba safai ya kan komo ba. Kashegari da sassafe, ana ruwa, suka bar gidansu. Ba su ɗauki akwati ba, gama Bayahude da akwati a hannu abin tuhuma ne. Sai kowa ya jibga riguna bisa riguna. Anna ta cusa littafinta cikin jakar makaranta, ta bar kyanwarta a baya, ita da iyayenta suka taka da ƙafa zuwa wurin aikin ubanta.

Gidan baya

Wurin aikin nan dogon bene ne a bakin wata hanyar ruwa da a ke kira Prinsengracht, lamba 263. Ofis da sito suna gaba, a bayansu kuwa akwai wasu ƙananan ɗakuna a sama waɗanda ba a ganinsu daga titi. Nan Otto ya riga ya shirya maɓuya a asirce. Daga baya aka kafa kabad na littattafai a bakin ƙofar, mai juyawa, wanda ya gan shi ba za ya ce akwai hanya a bayansa ba. Bayan mako guda wani abokin aikin Otto, Hermann van Pels, ya zo da matarsa da ɗansu Peter. A Nuwamba aka ƙara wani likitan haƙori, Fritz Pfeffer. Suka zama mutum 8.

Mutum 6 ne suka ɗauki nauyinsu, ba kuwa Yahudawa ba ne. Huɗu ma'aikatan ofishin ne: Miep Gies, da Bep Voskuijl, da Johannes Kleiman, da Victor Kugler. Sauran biyu su ne mijin Miep, da uban Bep wanda ya ƙera kabad ɗin. Su ne su ke nemo katin rabon abinci a ɓoye, su kawo wake da dankalin Turawa da ganye, ran Asabar kuma su zo da littattafan aro. Sun san in an kama su, sansanin horo ne makomarsu, ko abin da ya fi haka muni. Suka yi ta yi har shekara 2 da wata guda.

Ku dubi irin zaman. Da ƙarfe 8 da rabi na safe ma'aikatan sito su kan iso a ƙasa, su kuwa ba su san da kowa a sama ba. Daga lokacin nan ba mai taka ƙasa da ƙarfi, ba mai sakin ruwa a makewayi, magana sai da raɗa. Labule a rufe dare da rana. Da dare jiragen sama suna wucewa, bindigogi suna tashi, ba wurin gudu. Sau da dama ɓarayi suka fasa sito, mutanen sama suka kwana cikin duhu suna rawar jiki. Abinci ya yi ta raguwa har suka koma cin ruɓaɓɓen dankali. Anna ba ta taka waje ko sau ɗaya ba. Abin da ta ke gani na duniya shi ne wani babban itace da ɗan sararin sama, ta tagar ɗakin ƙoli. Ubanta ya kan auna tsawon 'ya'yansa a jikin bango, zanen yana nan har yau, ya nuna Anna ta ƙaru da wajen inci 5 cikin ɗakunan nan.

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Mutum 8 a matse haka, faɗa ba ya ƙarewa, a kan abinci, a kan wanke kwanuka, a kan tarbiyyar yara. Anna ce ƙarama, ita ce kuma mai baki, saboda haka yawancin faɗan a kanta ya ke sauka. Kowa yana ce mata ta dubi Margot ta yi koyi. Da rana ta kan yi kamar abin bai dame ta ba, da dare ta yi kuka.

Amma ba ta zauna jiran a gama yaƙi tukuna ta soma wani abu ba. Ubanta ya tsara musu karatu. Ta koyi Faransanci da Turanci da tarihi, da rubutun sauri irin na akawuna. Lissafi ne kaɗai ta ƙi jininsa. Ɗaki guda aka haɗa ta da likitan haƙori, akwai kuwa ɗan tebur guda a ɗakin. Ta roƙe shi da ladabi ya bar mata teburin la'asar biyu a mako. Ya ƙi, yana ganin aikinta wasan yara ne. Ba ta haƙura ba, ta kai magana wurin ubanta, har aka ba ta lokacin da ta nema. Yarinya mai shekara 14 ta riga ta ɗauki rubutunta aiki ne sosai, tun ba wanda ya ɗauke shi haka.

Ta san kanta

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Anna ta iya hangen na wasu ƙwarai, alƙalaminta kuwa da kaifi. Abin da ya bambanta ta da yawancinmu shi ne ta kan juya ta dubi tudun da ta taka. A Yuli 1944 ta rubuta cewa babban abin da ta ke gani a halinta shi ne sanin kanta, gama ta kan iya tsayawa gefe ta dubi abin da ta yi kamar baƙuwa ce ta ke kallo, ta ce wannan daidai ne, wancan kuskure.

Ga misali. Ba su jitu da uwarta ba, ta kuwa rubuta maganganu masu zafi a kanta. Wani dare a 1943 uwar ta zo bakin gadonta domin su yi addu'a tare maimakon uban, Anna ta ƙi, uwar ta fita da hawaye. A farkon 1944 Anna ta koma ta karanta shafofin baya, ta firgita da irin ƙiyayyar da ta gani a ciki. Ta yarda ita ma tana da laifi, ta gane uwarta mace ce mai ɗauke da tsoro da baƙin ciki. Ba mu ce sun zama aminai ba, amma daga nan ta soma riƙe harshenta.

Ga wani misali kuma. A shekarar nan ta shaƙu da Peter, su kan hau ɗakin ƙoli su yi taɗi. Ubanta ya ja mata kunne. Sai ta rubuta masa wasiƙa mai tsauri, cewa ita ta reni kanta cikin wahala ba da taimakon kowa ba, don haka ba wanda za ya ba ta umurni. Uban ya zo ya zauna da ita, ya gaya mata yadda wasiƙar ta soke shi, dukansu biyu suka yi kuka. Anna ba ta nemi hujja ba. Ta rubuta cewa wannan yana cikin mafi munin abin da ta taɓa yi, ta ƙudura za ta gyara.

Yadda ta auna laifinta, haka ta auna baiwarta, ba ƙari ba ragi. Ta san tana da fara'a da ƙarfin zuciya. Ta san ba ta iya zane ba, dā abin yana ba ta haushi, daga baya ta bar shi. Ta san ta iya rubutu. Banda labarin kwanakinta ta rubuta gajerun labaru fiye da 30, ta kuma buɗe wani littafi dabam inda ta ke kwafe jimlolin da suka yi mata daɗi cikin littattafan da ta karanta, domin ta koyi yadda gwanaye su ke ɗinka magana. Ta kan karanta labarunta ta ce wannan ya yi kyau, wancan bai kai ba. Ko a kan baiwar kanta ba ta cika baki ba, ta ce sai gaba za a gani ko da gaske tana da ita.

Abin da ta so a tuna da ita da shi

Akwai rediyo a maɓuyar, su kan taru su ji labarin yaƙi daga Landan. Ran 28 ga Maris 1944 ministan ilimi na gwamnatin Holan, wadda ta ke gudun hijira a Ingila, ya yi jawabi. Ya ce bayan yaƙi za a tattara wasiƙu da littattafan da talakawa suka rubuta labarin kwanakinsu a ciki, domin na baya su san abin da aka sha. Duk waɗanda su ke ɗakin suka juya suka dubi Anna.

Bayan mako guda, ran 5 ga Afrilu, ta rubuta abin da ke ranta a fili. Tana so ta zama mai rubutu a jarida, daga baya mai wallafa littattafai. Ba ta so ta yi zaman duniya a banza. Tana so ta amfani mutane, ta faranta musu rai, har waɗanda ba ta taɓa gani ba, aikinta kuma ya wanzu bayan mutuwarta. Ta gode wa Allah da ya ba ta wannan baiwa. Ku lura, ba dukiya ta ambata ba, ba kuwa kyau ba, ko da ya ke yarinya ce mai son ado, har ta manna hotunan 'yan wasan sinima a bangon ɗakinta. Da ta zo zancen sunan da za ta bari, amfani ta sa a gaba.

Buri ba wuya, kowane yaro yana da shi. Abin da ya biyo baya shi ne abin lura. Ran 20 ga Mayu ta ɗauki takardu warwatse da a ke kawo mata daga ofis, ta soma sāke rubuta labarin tun daga farko. Ta yanke abin da ta ga shirme ne, ta cike inda mai karatu ba za ya gane ba, ta sassauta wasu maganganun da ta yi a kan uwarta, ta shirya wa mutanen gidan sunayen aro domin kada ta tone su. Ta zaɓa wa littafin suna da harshen Holan, Het Achterhuis, watau gidan baya. Cikin mako 11 ta cika takarda fiye da 200, tana kuma ci gaba da rubutun kowace rana, cikinta ba ƙoshi.

Ran 6 ga Yuni sojan Ingila da Amurka da abokansu suka sauka a gaɓar Faransa. Otto ya kafa taswira a bango yana soka allurai inda suka kai. Anna ta soma sa rai za ta koma makaranta kafin shekara ta ƙare. Rubutunta na ƙarshe ran 1 ga Agusta ne. A ciki ta yi zancen Anna biyu da ke cikinta, ta waje mai wasa da surutu wadda kowa ya sani, da ta ciki mai natsuwa wadda ta ke jin kunyar nunawa, da yadda ta ke fama ta zama irin mutumin da ta ke so ta zama.

Kamu da mutuwa

Ran Juma'a 4 ga Agusta 1944 da hantsi, bayan kwana 761 a ɓoye, wani ɗan sandan Jamus da 'yan sandan Holan suka buɗe kabad ɗin suka hau. Ɗan sandan ya nemi abin da za ya zuba kuɗi da kayan daraja, sai ya ɗauki jakar Otto inda Anna ta ke ajiye rubutunta, ya zazzage ta a ƙasa. Aka tafi da mutum 8 ɗin, da Kleiman da Kugler. Waɗannan biyu sun sha wuya amma sun tsira da ransu.

Aka kai su sansanin Westerbork, daga can kuma ran 3 ga Satumba aka cusa su cikin taragon shanu, mutum 1,019, a jirgin ƙarshe da ya tashi daga wurin zuwa Auschwitz a ƙasar Polan. Kwana 3 suna tafiya. Da isarsu aka raba maza da mata, Otto bai ƙara ganin iyalinsa ba. Yawancin yaran da ba su kai shekara 15 ba, a ran nan aka kashe su da iskar guba. Anna ta cika 15 wata 3 kafin nan, aka aske kanta aka sa ta aikin bauta.

A nan akwai abin da ya kamata mu faɗa. Cikin rubutunta Anna ta ce ba ta so ta zama kamar uwarta da sauran mata waɗanda su ke aikin gida sa'an nan a manta da su. Matan da suka tsira daga Auschwitz sun ba da shaida cewa Edith ta riƙa hana cikinta ɗan burodin da a ke ba ta tana ajiye wa 'ya'yanta, har sa'ad da aka ware su a ɗakin masu ƙazuwa ta nemi hanyar miƙa musu abinci ta ƙarƙashin bango. A can uwa da 'ya suka manne wa juna. Wajen farkon Nuwamba aka ɗauke 'yan matan zuwa sansanin Bergen-Belsen a Jamus, aka bar uwar. Ta mutu da yunwa da ciwo ran 6 ga Janairu 1945.

A Bergen-Belsen ba abinci, ga sanyi, ga zazzaɓi mai kisa wanda ƙwarƙwata ke yaɗawa. Wata ƙawar Anna ta makaranta ta yi magana da ita ta bayan shinge, ta jefa mata ɗan ƙunshin abinci. Anna tana tsammani ubanta ma ya mutu. Wajen Fabrairu 1945 Margot ta mutu, ba da daɗewa ba Anna ta bi ta. Sojan Ingila suka buɗe sansanin ran 15 ga Afrilu. Cikin Yahudawa wajen 107,000 da aka kwashe daga Holan, wajen 5,000 kaɗai suka komo. A Turai duka an kashe Yahudawa wajen miliyan 6, a cikinsu yara wajen miliyan ɗaya da rabi.

Takardun da aka tsince

A ranar kamun, bayan 'yan sanda sun tafi, Miep da Bep suka hau suka tsince littattafan Anna da takardunta daga ƙasa. Miep ta sa su cikin aljihun teburinta, ba ta karanta ba, tana cewa kayan yarinya ne, za ta mayar mata in ta komo. Daga baya ta gane da ta karanta, da tilas ta ƙone su, gama sunayen dukan masu taimako suna ciki. Amanar da ta riƙe ita ce ta ceci littafin.

Cikin mutum 8 Otto kaɗai ya rayu. Sojan Rasha suka 'yantar da shi ran 27 ga Janairu 1945, ya komo Amstadam a Yuni. A Yuli ya sami tabbacin mutuwar 'ya'yansa, sa'an nan Miep ta buɗe aljihun tebur ta miƙa masa takardun. Ya karanta kaɗan kaɗan, gama zuciyarsa ba ta iya ɗaukar da yawa a rana guda. Ya shaida cewa bai san 'yarsa tana da zurfin tunani haka ba, ko da ya ke ɗaki da ɗaki suka zauna. Da ya ga burinta a rubuce, ya ɗaura niyyar cika shi. Aka buga littafin a Yuni 1947 da sunan da ita ta zaɓa, wajen guda 3,000. Aka juya shi zuwa Jamusanci da Faransanci a 1950, Turanci a 1952, yanzu kuwa yana cikin harsuna fiye da 70. A 1960 aka buɗe gidan baya domin masu ziyara, mutum fiye da miliyan ɗaya su kan shiga a shekara. Da wasu suka ce ƙarya ne yarinya ba ta iya rubuta wannan ba, gwamnatin Holan ta sa masana suka gwada takarda da tawada da hannun rubutu, aka buga sakamakon a 1986, ya tabbata nata ne. Nelson Mandela ya ba da labari cewa shi da abokansa sun karanta littafin a kurkukun tsibirin Robben, ya kuwa ƙarfafa su. Otto ya rasu a 1980, Miep a 2010 tana da shekara 100.

Abin da za mu ɗauka

Kada mu ce labarin ya ƙare da daɗi. An kashe yarinya marar laifi saboda kabilarta kawai, ta kuwa mutu ba ta san ko takarda guda tata ta tsira ba. Margot ma ta rubuta labarin kwanakinta, burinta kuwa ta zama ungozoma, amma littafinta ya ɓace. Yara dubu dubai masu baiwa kamar tasu sun tafi ba wanda ya tsince musu kome. Wannan ya koya mana cewa ko za a tuna da mutum ko ba za a tuna ba, ba a hannunsa ya ke ba. Abin da ke hannunsa shi ne aikin yau.

Ya ku samari da 'yan mata, da yawa a cikinku kuna cewa sai kun gama makaranta, sai kun sami aiki, sai kun je birni, sa'an nan za a ga abin da kuka iya. Anna ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan. Tebur guda ta samu, la'asar biyu a mako. Wasu kuma kuna raina abin da kuka iya domin ba irin na yayanku ba ne, ko kuna cika baki da abin da ba ku taɓa gwadawa ba. Ku zauna ku auna kanku da gaskiya yadda ta yi, abin da kuka iya a gefe guda, aibinku a gefe guda, kada ku ji kunyar na farin, kada kuma ku ɓoye na biyun. Wanda hannunsa ya iya ɗinki, ko jinya, ko noma, ko koyar da yara, ko sulhunta masu faɗa, bari ya tambayi kansa wa za ya amfana da shi, ya soma tun yanzu.

Mu iyaye da malamai ma akwai namu. Wataƙila yaron da ya fi damunmu da surutu ko tambaya, baiwarsa ce ta ke neman hanya. Malamin lissafi ya yi dariya ya karanta wa aji labarin agwagi. Uba ya sa baki aka ba 'yarsa tebur. Uwa ta hana cikinta burodi. Ma'aikaciyar ofis ta riƙe amana ba ta buɗe ba. Ba ɗayansu da ya yi domin a tuna da shi, ga shi kuwa duk inda aka ambaci Anna sai an ambace su. Mu duba gidajenmu da azuzuwanmu a wannan wata, mu ga ko akwai yaron da ke jiran mu ba shi wuri.